Tsiron da na ƙona a injin Tudun Wada

Shekara huɗu na yi ina yaron inji a Tudun Wadan Zariya kafin maigidana ya fara bar mini makullin shago. Injinmu irin mai jan bel ne: Lista mai shan gas a baya, da duron ruwan da ke sanyaya shi a gefe, sai kan niƙa a gaba. A cikin kan akwai duwatsun ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa, da hannun matsi wanda ke kusanta su ko ya raba su. Rabin sana'ar tana kan wannan hannun, amma sai da na jawo wa wata baiwar Allah asara na gane haka.

Dattijuwa ce mai kunun zaki, duk mako tana kawo tsiron dawa. Wanda bai san wahalar tsiro ba zai ɗauka hatsi ne kamar kowane. Sai an jiƙa dawar, a tsane ta, a baza a kan buhu a lulluɓe, ana yayyafa ruwa kwana uku ko huɗu har ta fitar da saiwa, sannan a shanya. A cikin kwanakin nan ne ƙwayar ke samar da sinadarin da ke mayar da sitaci ya koma sukari, shi ya sa ɗan tsiro kaɗan kan tsinka kunu mai kauri ya ba shi zaƙi. Da shi ne masu burkutu suke dafa nasu, kuma tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanonin abin sha suka koma sayen dawarmu, kaura da farafara, don wannan aikin. Tsiro abu ne mai rai, kuma ba ya jure zafi, balle in da sauran laima a jikinsa.

Ranar da abin ya faru cikin Agusta ne, rana ba ta fito sosai ba, tsiron nata bai gama bushewa ba. Na zuba, ya fito da tsaki-tsaki, sai na ƙara matsa hannun. Bai yi ba, na sake matsawa. Ƙarar injin ta sauya daga gurnani zuwa wani irin kuka mai kaifi, garin yana fitowa a dunƙule, da ɗumin da hannu ba ya iya daɗewa a ciki. Na ji ƙauri, amma layi ya yi tsawo, yara da robobi har bakin kwata, sai na juye mata na karɓi kuɗi.

Bayan kwana biyu ta dawo da kunu a ƙaramin kofi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa mini ta ce, “Ɗana, ɗanɗana ka ji.” Salam, ba zaƙi, ga wani ɗacin ƙauri a ƙarshen harshe, launinsa kuma ya yi toka-toka. Bokiti biyu ta zubar. Wannan kuɗin cefanen gidanta ne na mako guda.

Maigidana ya biya ta daga aljihunsa, ya ce mini, “Kashe inji, ɗauko sifana.” Muka kwance kan. Haƙoran duwatsun sun shafe, wurare da dama sun yi sumul suna ƙyalli kamar bayan cokali. Ya kama sandar da ke juya dutsen ya girgiza, sai ga ta tana wasa: boris ya ci, shi ya sa dutsen ke taɓa ɗan'uwansa ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma hatsi na wucewa ba a niƙe ba. Ni kuwa da na ga tsaki sai na riƙa matsawa, ƙarfe na gugar ƙarfe. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya ja cikin ragowar garin da ke bakin injin. Da ya ɗago, baƙin ƙurar ƙarfe ta yi masa gashi. “Ka ga abin da ka ba mutane su sha,” in ji shi. Har yau in na tuna gashin nan sai jikina ya yi sanyi, don yawancin masu shan kunun nan 'yan makaranta ne.

Tun daga ranar na daina ɗaukar matsi a matsayin magani. In gari ya ƙi laushi, akwai dalili, kuma dalilin yana ɗaya daga wurare kaɗan: ko haƙora sun mutu a kai dutse wasi, ko boris ya ci, ko hatsin da laima, ko bel yana santsi injin ba ya samun ƙarfin juyi. Dutsen da aka wasa ko sabo ba na fara zuba masa abincin mutane, sai na wuce da dusa mudu biyu ko uku ta kwashe ɓurɓushin ƙarfen, in zubar da ita, ko kaji ba na ba su. Tsiro kuwa sai na ciji ƙwaya ɗaya tukun. In ta ce ƙas, bismillah. In ta lotsa a haƙori, ina ba mai ita haƙuri ta je ta ƙara shanyawa, ko da za ta ji haushina. Kuma sau biyu nake wuce shi da sakakken hannu, ɓarza tukun sannan a ɗan matsa, maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Masu tace shi ma ba sa son ya yi lukui, don garin da ya cika laushi toshe abin tata yake yi.

Sauran gyaran ba wuya gare shi ba, naci kawai yake so. Giris a boris duk mako, ba mai yawa ba, don kada ya tsiyayo cikin abinci. Bel a danna shi da babban yatsa: in ya lotsa da yawa zai yi santsi, in ya yi tauri kamar tsirkiya shi zai kashe boris. A duba ruwan duro da baƙin mai kafin a tayar, a bi notocin gindi saboda jijjiga tana kwance su. Na san dalilin da ya sa 'yan'uwana masu inji suke jinkirta waɗannan: gas ya yi tsada, masu ƙananan injinan markaɗe na fetur kuma tun cire tallafi a 2023 suke cikin matsi, kowa na son dutse ya ƙara masa wata guda. Amma dutsen da ya mutu ya fi shan mai, don aikin minti biyar sai ya kai goma, kuma mai kunu ce take biyan sauran.

Dattijuwar ba ta sauya inji ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Mako na gaba ta zo da tsironta a buhu, ta tsaya a gefena. Na tara hannu a bakin injin, garin ya zubo da sanyinsa, yana ƙamshin tsiro. Ita ma ta sa nata hannun, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci. Sannan ta ce, “To, ɗana, zuba sauran.”