Kafin ka biya kuɗin tafiya, buɗe taswira

Mu da muka riga ku tasowa, cikin sunaye huɗu muka tattara duniya: Turai, Saudiyya, Dubai da Chaina. Duk wanda ya fita waje, ɗaya daga cikinsu ya tafi, ba ma tambayar wane gari ko wace gwamnati ke mulkin wurin. Wannan sakacin ya ci wa tsararmu kuɗi da shekaru, wasu ma ya ci rayukansu, kuma dillalan biza har yau da shi suke cin abinci. Don haka ƙannena, kafin ku sayar da fili ko babur ku miƙa wa wani, ga wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

A fara da Saifurus, domin nan ne aka fi yaudarar ɗalibai. Tsibiri ne guda a Bahar Rum, amma tun 1974 a rabe yake gida biyu. Kudancinsa shi ne Jamhuriyar Saifurus da duniya ta amince da ita, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kuma yuro ake kashewa a can. Arewacin ya ayyana kansa ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta yarda da hakan. Lirar Turkiyya ake kashewa, kuma jirgin da zai sauka filin Ercan sai ya bi ta Turkiyya. Dillali zai ce maka "karatu a Turai", ya nuna maka takardar shiga jami'a, alhali arewacin yake nufi. Takardar zaman da za a ba ka a can ba ta kai ka Jamus ko Faransa, ba ta ma kai ka kudancin tsibirin bisa ƙa'ida, domin gwamnatin kudu tana ɗaukar shiga ta Ercan a matsayin shiga ta haramtacciyar hanya. Waɗanda suka tsallaka a ɓoye, sansanin masu neman mafaka suke ƙarewa. Ban ce babu karatu a arewacin ba, akwai jami'o'i kuma akwai masu gamawa. Amma ka san abin da kake saya. Tambayoyi biyu sun isa su tona asiri: wane kuɗi ake kashewa a garin, kuma ta ina jirgi yake bi?

Ita kanta Turai ba abu ɗaya ba ce. Akwai nahiyar, akwai Tarayyar Turai mai ƙasashe 27, akwai kuma yankin Shengen, wato ƙasashe 29 da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu. Uku ɗin nan ba su dace baki da baki ba. Suwizalan da Nowe suna cikin Shengen amma ba sa cikin Tarayya. Ailan tana cikin Tarayya amma ba ta cikin Shengen. Birtaniya ba ta taɓa shiga Shengen ba, Tarayyar ma ta fice daga cikinta a Janairun 2020, saboda haka bizar Faransa ba ta shigar da kai Landan. Bizar ziyara ta Shengen kuwa iyakarta kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma a dunƙule ake lissafa kwanakin: wanda ya yi wata biyu a Italiya ya wuce Sifen, wata ɗaya ya rage masa, lissafi bai koma farko ba. Wani abin da masu neman tikiti mai araha ke mantawa shi ne fasfon Najeriya da na Gana suna cikin waɗanda ake nema wa bizar yada zango ko da mutum ba zai fita daga filin jirgin Shengen ba, sai dai in yana riƙe da wata biza ko takardar zama da ta ɗauke masa. Tun a teburin awo na Abuja ko Akara za a mayar da kai, kuɗin tikiti kuma ya tafi.

Sunaye masu kama da juna su ma suna da nasu ta'adin. Ostiriya tana tsakiyar Turai, Jamusanci suke yi. Ostireliya tana can ƙarshen duniya. Gini uku ce a Afirka: ta Konakiri, Gini Bisau, da Ikwatoriyal Gini. Kongo biyu ce, Kinshasa da Barazabil suna kallon juna kogi ya raba, kowace da bizarta. Dubai ba ƙasa ba ce, ɗaya ce daga masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, babban birninsu Abu Dabi. Na kusa da mu ma ba mu tsira ba: wajen cike fom a intanet, Nijar da Najeriya maƙwabtan juna ne a jerin sunaye, yatsa na zamewa. Ka duba haruffa ukun da ke fasfonka, NER ne ko NGA, ka tabbatar su ne suka fito a takardar kafin ka biya, domin gyara bayan biya wani sabon kuɗi ne.

Sai batun nisa, wanda shi ne ya fi kisa. Taswirar da aka liƙa mana a bangon aji, da yawancin waɗanda ke cikin waya, sun samo asali daga zanen Mercator na 1569, wanda aka yi domin matuƙan jirgin ruwa. Duniya dunƙulalliya ce, shimfiɗa ta a takarda kamar baje ɓawon lemo ne, dole wani wuri ya yage ko ya miƙe. A wannan zanen, duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya sai ta kumbura. Shi ya sa Girinlan take fitowa kusan girman Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita kusan miliyan 30, ta ninka ta wajen sau 14. Ido ya saba ganin Turai babba, Sahara kuma 'yar tazara. Mutane da yawa ba su san Nijar, mai murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Najeriya mai 923,768 faɗi ba.

To, mai cewa "daga Agadas ai an kusa" bai auna ba. Daga Agadas zuwa Sabha a kudancin Libiya, ta Dirku da Madama, ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, mafi yawansa yashi, babu kwalta babu inuwa, rijiyoyin kuma akwai tazara mai yawa a tsakaninsu. Daga Sabha zuwa Turabulus akwai wasu fiye da 700. Daga gaɓar Libiya zuwa Lampedusa kusan kilomita 300 ne na teku, kuma Lampedusa ɗan tsibiri ne da ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili, ba shi ne cikin Italiya da ake gani a hoto ba. A kwalta, idan mota ta lalace, jira ake yi. A Tenere, saharar arewa maso gabashin Nijar, lalacewar mota ita ce ajali, domin ruwan da aka ɗauka an lissafa shi ne da kwanakin tafiya, ba a lissafa da na tsayuwa ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A farkon watan Oktoban ɗin kuma fiye da mutum 360 suka nutse daf da Lampedusa. Kowace taswirar waya tana da ɗan ma'aunin nisa a gefe. Ka auna hanyar gaɓa-gaɓa, ka raba kilomitocin da gudun da mota ke yi a zahiri, kamar 60 a awa a kwalta idan an haɗa da tsaye-tsaye, a yashi kuma rabin haka ko ƙasa. Abin da ya fito shi ne tafiyarka, ba abin da ɗan kamasho ya faɗa a tasha ba.

Lokaci ya fi sauƙin koyo, amma kullum ana rasa jirgi saboda shi. Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa biyu, Dubai uku, Indiya huɗu da rabi, Chaina bakwai. Ingila kuwa canza agogo take yi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya, sauran watannin tana baya da awa ɗaya. Mai jarrabawa ko ganawa ta intanet ya kula da wannan. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne, tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Idan an rubuta 00:45 ranar 12 ga wata, ranar 11 da dare za ka je filin jirgi. Wanda ya bari sai ranar 12 da dare, jirginsa ya tashi tun jiya. Amurkawa kuma wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne.

Ka riƙa karanta haruffa ukun filin jirgi, kada ka tsaya ga sunan gari. Kano KAN ce, Guanzu CAN, harafi ɗaya ya raba. Santambul tana da filaye biyu, IST a ɓangaren Turai, SAW a ɓangaren Asiya. Tikitin da ya sauke ka a ɗaya ya ce ka tashi a ɗayan yana nufin sai ka shiga gari, shiga gari kuma sai da biza. Makka ba ta da filin jirgi: a Jidda ake sauka, kimanin kilomita 80, ko a Madina, wadda ke da nisan fiye da kilomita 400.

'Yan kasuwar kan iyaka sun san wannan, amma sabon shiga ba ya sani: sefa iri biyu ce. Wadda ake kashewa a Maraɗi da Yamai da Kwatano ta Afirka ta Yamma ce, ta Injamena da Marwa da Garwa kuma ta Afirka ta Tsakiya. Darajarsu a hukumance ɗaya, sefa 655.957 a yuro guda, amma takardun daban ne, bankunan da ke buga su daban, kuma ɗan canji sai ya ciri nasa. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS tun asali, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice a Janairun 2025, don haka ka binciki takardun da ake nema a iyakar da za ka bi a watan da za ka bi ta.

Yanayi ma yana juyewa. A Johannesbag watannin Yuni da Yuli ne hunturu. Alƙibla kuma ba ko'ina take gabas ba: a Guanzu da Kwala Lamfur wajen yamma ake kallo, a Santambul kudu maso gabas, a Afirka ta Kudu wajen arewa.

Abin da kusan babu mai dubawa shi ne hanyar fita. A Fabrairun 2022 ɗaliban Afirka da ke Sumi da Kharkiv a Yukren suka gane cewa garuruwansu 'yan kilomitoci ne daga iyakar Rasha, mafita kuma tana can yamma wajen Folan da Hangari da Romaniya, faɗin ƙasar gaba ɗaya. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, filin jirgi ya rufe tun ranar farko, aka kwashi ɗalibanmu a bas zuwa iyakar Masar da kuma Fot Sudan, kowace tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, wasu suka yi kwanaki a bakin iyaka suna jiran izinin shiga. Saboda haka kafin ka karɓi gurbin karatu ko aiki, ka rubuta sunayen duk ƙasashen da suka kewaye wadda za ka, ka gano wacce fasfonka ke shiga ba biza, da nisan garinka zuwa iyakarta, da garin da ofishin jakadancin ƙasarku yake, domin sau da yawa yana babban birni kai kuma kana wani lardi, wani lokacin ma jakada ɗaya ne ke kula da ƙasashe uku daga wata ƙasar. Ka sauke taswirar yankin a waya yadda za ta buɗe ba intanet, ka kuma kwafi lambobin a takarda ka ajiye tare da fasfo, wanda ya kamata a ce saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare.