Hular roba a kan filas: abin da na gani a falo da abin da na gani a tsakar gida

A shekarata ta biyu ina bin maigidana ɗaukar hoton biki, babu abin da yake sosa mini rai kamar hotunan dare. Amarya za ta shafe awa biyu a hannun mai kwalliya, amma da zarar filas ya haska ta kai tsaye sai goshi da karan hanci da kumatu su ɗauki ƙyalli kamar an shafa musu mai, duwatsun leshi su yi fari fat, sannan wata baƙar inuwa mai kaifi ta tsaya a bango bayan gwaggwaronta. Ina jin nauyin miƙa wa mutane irin waɗannan hotuna, domin rana ce da ba za a maimaita ta ba.

Don haka na sayi ƴar hular nan ta farar roba da ake kifawa a kan filas, wadda masu sana'ar ke kira difyuza. Ranar da na fara gwada ta, a wani falo ne mai farin silin marar tsawo da bango mai ruwan madara. Na ɗaga kan filas ɗin ya kalli sama kaɗan kamar yadda na ga ana yi, kuma hotunan suka fito da laushin da ban taɓa samu ba: fata ta koma kalarta, inuwar ƙarƙashin haɓa ta narke, har zanen labulen da ke can baya ya bayyana. Na koma gida da yaƙinin cewa matsalata ta ƙare.

Mako guda bayan haka aka kira mu kamu a tsakar wani gida, bayan sallar isha'i, babu rufi sai sararin sama. Na kifa hular kamar yadda na yi a falo. Ƙyallin goshi ya dawo, inuwa ta dawo da kaifinta, kuma aka ƙara mini da wata sabuwar wahala, domin filas ɗin yana zuba dukkan ƙarfinsa a kowane hoto, sai na jira daƙiƙu kafin ya sake cika. A cikin wannan jira ne dangin ango suka yaye mayafin amarya suka fesa mata turare, kuma hoton wannan lokaci ya fito duhu. Har yau ina jin zafin rasa shi.

Da na nuna wa maigidana, sai ya ce, "Yaro, a falon can silin ne ya yi maka aiki, hular nan aikinta kawai ta kai masa hasken." Na ce, "Maigida, ai roba ce mai tace haske." Ya ce in je in auna da kaina.

Na zaunar da ƙanena a kan kujera, bango na bayansa da tazarar santimita 30, ni kuma na tsaya mita 3 daga gare shi. Fuskar filas ɗina faɗinta bai wuce santimita 7 ba, kuma da na kifa hular, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. A nan ne na gane cewa laushin inuwa yana bin girman abin da hasken ke fitowa daga gare shi ne, kamar yadda wanda ake ɗauka yake ganin girman nasa daga inda yake zaune. Lissafin ma mai sauƙi ne. Da fitila mai faɗin santimita 7 a wannan nisa, gefen inuwar da ke dusashewa a bango bai kai santimita 1 ba, shi ya sa take fitowa kamar an yanka ta da reza. Idan kuwa hasken ya bugi silin ya bazu a fili mai faɗin mita ɗaya da rabi kafin ya sauko, wannan gefe yakan kai wajen santimita 15, sai inuwar ta zama kamar hayaƙi. Duk wanda ya lura da rana ya san wannan ko bai taɓa riƙe kyamara ba. Rana ƙatuwa ce, amma nisanta ya sa muke ganin ta ƙarama, inuwarta kuma tana da kaifi. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, sararin sama gaba ɗaya yakan zama fitila, inuwar mutum ta kusa ɓacewa.

Hular tana watsa haske ne ko'ina, gaba da sama da gefe. A ɗaki, bango da silin suna dawo da shi. A fili kuwa, duk abin da ya nufi sama ya tafi ke nan, kuma a gwajina na ga sai na buɗe ƙofar hasken kyamara daga f/8 zuwa f/5.6, wani lokaci ma fiye, kafin hoton ya yi daidai da wanda na ɗauka ba hula, wato aƙalla rabin hasken ya salwanta. Kyamarar da ke auna hasken filas da kanta tana ɓoye wannan asara, tana ƙara masa ƙarfi ba tare da ta sanar da kai ba, sai dai ka ga batir yana ƙarewa da wuri. Akwai kuma abin da na koya daga baya, cewa bango yana dawo da hasken ne tare da launinsa. A ƙarƙashin wata rumfa mai jan ƙyalle, fuskokin ƙawayen amarya duka suka fito jajur.

Inda ƙaramin difyuza ya fi burge ni shi ne ɗaukar abu na kusa. Na samo wani mai siffar ɗan akwati da farin ƙyalle a bakinsa, faɗinsa kamar santimita 20, na riƙa amfani da shi wajen ɗaukar lallen amarya da zobe da awarwaro daga nisan santimita 40. A wannan kusanci ya fi hannun da ake ɗauka faɗi, don haka hasken yana lulluɓe yatsu, zanen lallen ya fito dalla-dalla, zinariya kuma ta yi sheƙi ba tare da ta ƙone ba. Sai dai haske yana raguwa da sauri, domin idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake isa, saboda haka abin da ke can bayan hannun yakan yi duhu, wanda a hoton lalle ni ina ganin ƙarin kyau ne.

Yanzu kafin in ciro kyamara daga jaka nakan fara ɗaga kai in dubi rufin wurin. Idan fari ne kuma bai yi nisa ba, sai in kifa hular. Idan tsakar gida ce ko babban ɗakin taro mai dogon rufi, sai in cire ta in sa a aljihu, in ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 1600, in saukar da saurin ɗauka zuwa 1/60 na daƙiƙa domin fitilun wurin su shigo hoton, in kuma rage ƙarfin filas. Idan lokacin yaye mayafi ya matso, nakan cire filas ɗin daga kan kyamara in haɗa shi da farar lemar masu hoto mai baza haske, in ba ƙanena ya riƙe ta a gefen amarya, bai fi taku biyu daga fuskarta ba.