Kwana Biyar Zazzaɓi Bai Sauka Ba

Talata, da dare.

Yau kwana biyar ke nan zazzaɓin Yaya bai sauka ba, duk da magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi da ake ɗura mata ta jijiya tun daren farko. Da safe likitar sashen sankarar jini ta zaunar da ni, ta ce fararen ƙwayoyin jinin da ake kira niyutrofil, masu yaƙar ƙwayoyin cuta, sun yi ƙasa sosai, ba su kai 500 a kowace maikrolita ta jini ba, kuma sun haura kwana goma a haka tun bayan zagaye na biyu na kemoterafi, wato maganin sankarar da ake yi mata. Idan zazzaɓi ya wuce kwana huɗu a wannan hali bai ji magani ba, sai hankalinsu ya koma kan fungas.

Ni da na ɗauka fungas bai wuce makero da ƙaiƙayin tsakanin yatsu ba. Ashe akwai Aspergillus, wanda ƙwayoyinsa ke yawo a iska da ƙura da ƙasar tukunyar fure, kowa yana shaƙarsu kullum, garkuwar jiki tana share su ba tare da mutum ya sani ba. Wanda garkuwarsa ta faɗi kuwa, sai su tsiro masa a huhu har su kutsa cikin jijiyoyin jini. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa ma'aikaciyar jinya ta hana ni shiga da fure makon jiya, kuma na ji kunyar haushin da na ji a lokacin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cutar ba ta da hayaniya. Yaya ba ta fitar da majina, sai ɗan busasshen tari da suka a gefen ƙirji, domin ƙwayoyin da za su tara ruwan ciwo su tona asirin cutar su ne babu. Ko an shuka jininta a ɗakin gwaji, da wuya Aspergillus ya fito. Shi ya sa aka yi mata hoton CT, aka ga ɗan ƙulli a huhun dama da hazo-hazo kewaye da shi, aka kuma ɗebi jini domin gwajin galactomannan, wani sinadarin jikin Aspergillus da ake nema a jini.

Ba su jira sakamako ba, kuma a ganina sun yi daidai. Da yamma aka fara mata voriconazole, tare da gargaɗin cewa zai iya taɓa hanta ya kuma rikita gani na ɗan lokaci. Idan ya zamana wani nau'in fungas ne da ake kira Mucor, wannan maganin ba ya cin sa, sai a koma amphotericin B mai wahalar da ƙoda.

Ɗazu ta kalli fitilar ɗakin ta ce mini, "Ƙanwata, wa ya ƙara wa wannan haske?" Na ce maganin ne, Yaya. Zafin jikinta digiri 38.6 da ƙarfe goma, kuma gobe da rana ake sa ran sakamakon.