Kakin zuma: daga saƙa zuwa man kaushi, inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyo, an kammala tace kaki, yanzu an shiga haɗa man shafawa. Sai dai kafin a yi gaba ya kamata a ɗan tsaya a kan tukunyar farko ta narkar da saƙa, don yawancin ɓarnar da ake gani daga baya a nan take samo asali.

Saƙar da aka matse zumarta, a jiƙa ta a ruwa ta kwana, a wanke sauran zaƙin. A ware fara daban, baƙa daban. Baƙar ita ce wadda ƙudan zuma suka yi renon 'ya'ya a ciki, kakinta kaɗan, dattinta da yawa, in aka gwama su sai ta rina duka. A zuba saƙar a tukunya, ruwa ya ninka ta biyu, a sa wuta kaɗan-kaɗan. Kaki yana narkewa ne tsakanin digiri 62 da 64 a ma'aunin Salshiyos, tun ruwa bai yi kusa da tafasa ba, saboda haka babu dalilin iza wuta. Da zafin ya haura digiri 85 sai ya fara duhu, ƙamshin zumar ya gudu. Ita ma tukunyar da magana: ta baƙin ƙarfe ko ta tagulla tana dafe shi, a nemi ta alminiyam ko ta silba, kuma a sallama ta ga wannan aikin, don ba za ta sake wankuwa yadda uwargida ke so ba.

A tace da ƙyallen auduga mai tsabta cikin bokiti mai faɗin baki, a rufe da buhu, a ƙyale shi sai gobe. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, zai taso ya daskare a sama kamar faifai. A juya shi a kankare dattin da ya maƙale a gindinsa. In an tarar ya tsattsage, saurin hucewa ya yi. In kuwa gindin ya yi laɓo-laɓo, launin toka, to ruwan ne mai zartsi. A koma ruwan sama, ko a matsa lemun tsami ɗaya a ruwan kafin a ɗora.

Man kaushi na hunturu, ga awon da ya tsaya daidai: kaki giram 25, man kaɗanya giram 50, man zaitun ko na riɗi giram 50. Da sikeli ake awon, cokali yana yaudara. Daga nan kaki ba ya sake hawa wuta kai tsaye. A sa shi a gwangwani, a tsoma gwangwanin cikin tukunya mai ruwan zafi. Kaki ne farko, in ya narke a zuba man zaitun, man kaɗanya a ƙarshe. A ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi a duba: in ya yi tauri a ƙara mai, in yana malala a ƙara kaki. Wanda zai ajiye nasa har bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ya kai kakin giram 35, in ba haka ba zai narke a jaka.

Ga inda da yawa ke rikicewa. Curin kaki zalla hucewa a hankali yake so, amma haɗin da ke da man kaɗanya akasin haka ne. In ya daɗe yana hucewa sai ya yi tsaki-tsaki a ƙarƙashin yatsa. Bai lalace ba, a sake narkar da shi, a zuba a mazubi, a jera mazuban a faranti mai ruwan randa ko a sa a firij. Kada ɗigon ruwa ya shiga, kuma kada a rufe murfi yana da ɗumi, gumin da ke taruwa a murfin shi ke kawo fumfuna. Da dare ake shafawa, bayan an jiƙa ƙafa an goge da dutsen kaushi, sannan a sa safa.

Guntayen da suka rage ba sa asara. Zaren ɗinkin fata in aka ja shi a kan kaki sau biyu ba ya warwarewa, dukawa sun daɗe da sanin wannan. Zif mai cijewa da durowa mai ƙin fita, a goga masu. Akushi da muciya kuma, kaki kashi 1 man kwakwa kashi 4, a shafa, a bari ya kwana, a goge. Ban da man gyaɗa a nan, yana jimawa zai fara warin tsohon mai. Takalmin fata yana samun kariya daga ruwa, amma launinsa zai ƙara duhu, a fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa.

Mai saye a kasuwa ya lura, ana gauraya kakin zuma da kakin kyandir. Na gaske yana ƙamshin zuma, in an murza shi da yatsu yana laushi yana ɗan kama hannu, jabun kuwa santsi yake yi yana marmashewa.

Kyandir shi ne mataki na gaba. A tanadi lagwanin auduga wanda ya fi na kyandir ɗin kanti kauri, don siriri rami kawai yake haƙawa a tsakiya ya nutse ya mutu. A kuma ajiye murfin tukunya da bokitin yashi kusa da murhu, kaki in ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa.