Regiletan da ya ƙona min yatsa

Asabar, Agege.

Tun bayan sallar asuba nake kan allon Arduino Uno ɗin (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni) da na haɗa domin tankin ruwan gidanmu. Aikinsa ya auna ruwa, in tanki ya cika ya kashe injin turo ruwa, kada ruwa ya riƙa malala a tsakar gida kamar yadda ya saba. Jiya da na gwada shi da wayar USB lafiya ƙalau. Yau na jona shi da batirin inbata, na sa shi cikin akwatin roba na rufe. Ko minti goma bai yi ba ya mutu, ya farfaɗo, ya sake mutuwa.

Na zaci rubutun umarnina ne ya sami matsala, na ɓata awa biyu a kansa. Sai da na buɗe akwatin na ɗora yatsa kan ɗan baƙin regiletan nan, mai sauke wuta zuwa bolt 5 da allon ke amfani da shi, da ke kusa da bakin shigar wuta, na janye babu shiri. Har yanzu wurin na raɗaɗi.

Bayan azahar na kai wa Baba mai gyaran rediyo a bakin layinmu. Bai ma karɓi allon ba, ya ce, "Ɗana, bolt nawa kake ba shi?" Na ce 12 ne, Baba. Ya miƙo min mitarsa ya ce in auna. Batirin na kan 13, don a lokacin an kawo wuta yana caji. Muka auna abin da kayan ke ja: allon kansa, gilashin rubutu, ma'aunin ruwa da rile biyu (makunnin da allon ke kunnawa da kashewa), duka miliamfa 230, wato amfa 0.23.

Nan ya yi min lissafin a bayan kwalin ashana. Irin wannan regileta ba ya juya rarar wuta zuwa komai sai zafi. 13 a cire 5, saura 8. A ninka 8 da 0.23, kusan wat 2 ke nan, a jikin abin da bai kai ƙwayar wake ba, ba shi da wurin zubar da zafi sai ɗan tagullar da ke ƙarƙashinsa. Ga akwati a rufe, ga zafin Legas mai gumi. In ya yi zafi ya kai iyaka, da kansa yake yanke wuta don kada ya ƙone, in ya huce ya dawo. Abin da nake gani ke nan tun safe.

Abin da ya fi tsaya min a rai, na karanta cewa irinsa na iya ba da kusan amfa 1, na kuwa dogara da hakan. Ashe wannan adadin sai in tazarar wutar shiga da ta fita kaɗan ce, kuma zafi na da hanyar fita. A ganina wannan ya kamata a fara koya wa duk mai shiga harkar nan, kafin ma kunna fitila.

Da la'asar na hau mota zuwa Ikeja, na sayo LM2596 biyu, wanda ke sauke wuta ba tare da ƙona rarar ba. Ɗaya na saita shi kan bolt 7 zuwa ƙafar Vin, inda wuta ke shiga allon, ɗayan kan 5 domin rile kaɗai, na haɗa wayoyinsu na negatif wuri guda. Na huda ramuka shida a jikin akwatin.

Yanzu ƙarfe goma da rabi. Awa uku ke nan yana aiki bai ɗauke ba, regiletan ɗumi kawai yake yi. Gobe da tsakar rana zan sake taɓawa, sannan in kai wa Baba goronsa.