In mabuɗi ya ɓace a gidan biki

Sana'ata kai kayan sha wuraren biki a cikin Kano: zoɓo, kunun aya, lemo, da ruwan inabin kwalba marar barasa, wanda yanzu kowace uwar biki take son gani a teburin amarya. Kafin in ɗauki katan a kasuwar Singa sai na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na kuma ga 0.0% a jikin kwalbar da idona. Nan Kano ce, ba na wasa da wannan.

Shi mabuɗin kwalba a gidan biki ƙafa gare shi. Wani ya ara, shi ke nan. Don haka ba na tura yaro aiki sai ya iya buɗe kwalba ba da shi ba.

Mai gas, wadda aka ɗaure bakinta da waya, dama ba ta son mabuɗi. Ka sanyaya ta sosai a ƙanƙara, ka kwance wayar, ka dafe matoshin da tawul, sannan ka juya kwalbar, ba matoshin ba, bakin yana kallon inda babu kowa. In ta sha zafin Afrilu a bayan mota, matoshin zai iya fasa wa mutum ido.

Marar gas ita ce mai aiki. Matoshinta ɓawon wata bishiya ne, kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa, kuma sai bayan shekara 9 ake sake ɓare bishiyar. Ya fi wuyan kwalbar kauri, inji ne ya matse shi ciki, shi ya sa farce ba ya komai. Maigidana da na koya a wurinsa, tsohon ma'aikacin otal ne a Nasarawa, kullum akwai doguwar ƙusa mai zare a aljihunsa. Zai wanke ta, ya murɗa ta a tsakiyar matoshin da sukudireba, ya bar kanta a waje, ya kama da filaya ya ja a hankali yana ɗan girgizawa. Ko ɓurɓushi ba ya faɗawa ciki. In ka yi garaje ya buge maka hannu: "Kai yaro, kokawa kake da ita?" Makulli ma yana yi, a soka shi a karkace, a riƙa juyawa ana ɗagowa. In duk babu, ƙotar cokalin katako ta tura matoshin ciki, a juye a jug ta rariya. Wannan a kicin ake yi, ba gaban baƙi ba, don yana fantsama.

Dabarar sa kwalba cikin takalmi a riƙa bugawa a bango, da gasa wuyan kwalba da leta, na bar wa 'yan TikTok. Kwalba na tsagewa.

Amma sai Hajiya ta ce, "Malam, wasu yara sun ce za su yi min a rabin kuɗinka." Hajiya, su ne masu tsinke matoshi biyu da wuƙa, baƙo ya sha yana tofar da ɓawo, leshin uwar ango ya tafi da jan tabo. Kwalabensu ma a tsaye suke jibge su duk hunturu, matoshi ya bushe yana marmashewa. Nawa a kwance suke a ɗaki mai sanyi, ruwan yana taɓa matoshin. Albarka nake cewa, in ta zagaya ta dawo.