Idan jiki ya ƙi ruwan allurar sikanar

A ɗakin sikanar a nan Damagaram, kafin in tura ruwan da ke haska jijiyoyi a hoto, sai na tambayi mai jinya: "Baba, an taɓa yi muku wannan allurar? Me jiki ya yi?" Wanda jikinsa ya taɓa ƙin ruwan shi ya fi shiga hatsari, sai mai asma. Maganar cewa wanda kifi ke tayar wa borin jini ba ya ɗaukar ruwa mai aidin, wannan ba ta da tushe, ba na fasa hoto saboda ita.

Zafi da ke ratsa jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki ba ƙin magani ba ne. Ina faɗa musu tun da wuri don hankali ya kwanta.

Abin tsoro yakan zo ne a mintocin farko, shi ya sa ba na cire allurar jijiya sai an yi minti 30 a gabana. Idan jini ya faɗi, neman jijiya sabuwa wahala ce.

Borin jini da ƙaiƙayi kaɗai, maganin ƙaiƙayi da sa ido sun isa. Amma da murya ta shaƙe, leɓe ya kumbura, numfashi ya fara ƙara kamar ana fito, ko jini ya faɗi zuciya na bugawa da sauri, sai a tsayar da ruwan, a kira taimako, a yi adrenalin nan take: 0.5 mg ga babba, wato rabin mililita na mai 1 mg a mililita ɗaya, cikin tsokar gefen cinya. In babu sauƙi bayan minti 5 a maimaita. Yaro 0.01 mg a kowane kilo. Sannan iskar oksijin, a kwantar da mai jinya a ɗaga ƙafafu, a buɗe ƙarin ruwan gishiri. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da hidrokotizon, maganin rage kumburi, alhali sai bayan awowi yake aiki, maƙogwaro kuwa ba ya jira.

A taɓa bugun jini tukuna. Jini ya faɗi amma zuciya na tafiya a hankali, galibi suman tsoro ne, ɗaga ƙafafu kan wadatar, wani lokaci da atropin, allurar da ke ƙara saurin bugun zuciya.

Ƙuraje kan iya fitowa har bayan mako guda, mutum ya koma Mirriya ko Magariya. Don haka nake rubuta sunan ruwan sak a karnensa na asibiti, Omnipaque ne ko Ultravist, domin in za a sake hoto a canza masa wani.